Yadda Ake Shirya Rigakafin Haukar Kare a Ƙauye

Ciwon haukar kare yana da wani hali da ya raba shi da yawancin cututtukan da muka saba da su. Muddin alamunsa suka fito a jikin mutum, ya fara firgita da ganin ruwa, maƙogwaro yana shaƙewa in ya yi ƙoƙarin haɗiya, to da wuya ƙwarai a ga wanda ya tashi. Amma kafin alamun su fito ana iya tare shi tsaf. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, akasarinsu a karkarar Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A cikin mutum 100 da suka kamu, har 99 daga kare suka samo shi.

Mu kuwa abin da muka saba, sai kare ya ciji yaro sannan a tashi neman kuɗin mota da na allura, wani lokaci sai an sayar da akuya. Allurar mutum wanda aka ciza kaɗai take ceta. Cutar tana nan a cikin karnukan gari, gobe wani gida za ta faɗa. Allurar kare ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma ita ce take yanke hanyar. Ba sai an yi wa kowane kare ba. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa in an yi wa karnuka 70 cikin 100 na yanki guda, ana kuma maimaitawa duk shekara, cutar takan rasa wanda za ta koma kansa ta mutu da kanta. Kamar sharar da manomi yake yi a kewayen tarin karansa ne da rani: gobarar daji za ta zo, amma in ta iso filin da ba ciyawa sai ta tsaya.

An gwada wannan a maƙwabtanmu. A birnin Njamena na Chadi an yi gangamin yi wa karnuka allura a 2012 da 2013, kowace shekara aka kai wajen kashi 70 cikin 100. Haukar kare ta ɓace daga birnin na tsawon watanni a 2014, daga baya ta dawo ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga waje. Abu biyu ke nan muka gani: aikin yana ci, kuma ba a yin sa sau ɗaya a naɗe hannu.

Fara da mutane, allura ta biyo baya

Wanda ya fara da ɗauko kular allura ya nufi ƙauye ba tare da shiri ba, zai wuni a gindin bishiya shi da 'yan kallo. Ƙofa biyu za ka fara ƙwanƙwasawa. Ta farko ofishin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ko asibitin dabbobi na jiha, domin shi ne zai nemo allurar, shi ne kuma doka ta ba shi damar yin ta. Ta biyu fadar dagaci.

Wajen dagaci kada ka je da dogon bayanin ƙwayar cuta. Bayan gaisuwa, faɗi abin da yake tafe da kai a taƙaice: "Ranka ya daɗe, muna so a yi wa karnukan garin nan allura don kare 'ya'yanmu. Ba haraji a ciki, kuma ba za a kashe karen kowa ba." Waɗannan biyun su ne tsoron mai kare. Mutane da yawa sun taɓa ganin an zo an watsa nama mai guba da sunan rage karnuka, saboda haka da sun ji an ce jami'ai za su zo kan maganar kare, sai su kora nasu gona.

Bari in tsaya kan gubar nan kaɗan, don akwai masu ganin ita ce gajeriyar hanya. Ba ta aiki. Karen gida mai sakin jiki da mutane, wanda shi ne ya fi sauƙin yi wa allura, shi ne yake fara cin naman. Wanda aka kashe wa kare kuma ba zama zai yi haka ba, mako mai zuwa zai samo ɗan kwikwiyo daga wani gari, wanda ba wanda ya san abin da yake ɗauke da shi. Ga ungulu da kyanwa da kaji da suke mutuwa a banza, ga hatsarin yaro ya tsinci naman.

Dagaci zai haɗa ka da masu unguwanni. Amma mutanen da nasarar take hannunsu su ne Sarkin Dawa ko shugaban mafarauta, da Arɗo. Mafarauci guda yana iya riƙe karnuka masu yawa, kuma karnukansa ne suke gamuwa da na wasu garuruwa da dila da sauran namun daji a lokacin farauta. Na rugage kuma suna nesa da tsakiyar gari, in ba a bi su ba ba za su zo ba. Mafarauta sukan ce allura tana kashe wa kare hanci ko ta rage masa zafin nama, wasu su ce tana hana karya haihuwa. Ba ta yin ko ɗaya. Sai dai musu ba ya warware wannan. Abin da yake warwarewa shi ne a fara da karen Sarkin Dawa a gaban jama'a, a kuma ga ya fita farauta lafiya bayan kwana biyu.

Sai liman. A garuruwanmu na Musulmi kare dabba ce da ake ajiyewa amma ba a son taɓawa, dattijo ba zai so a gan shi yana jan kare a titi ba. Ka je ka ce, "Allah gafarta Malam, muna roƙon a ja hankalin jama'a bayan sallar Juma'a." Malamai sun san cewa shari'a ta yarda da ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne. Sun san kuma wanda ya ajiye dabba haƙƙinta yana wuyansa, haka ma ɓarnar da ta yi wa maƙwabci. Magana ɗaya daga mumbari ta fi takarda ɗari da aka liƙa a bango. Inda akwai coci, a yi haka da fasto ranar Lahadi. Kada a manta da shugaban makarantar firamare da malamin asibitin garin, za a ga amfaninsu nan gaba.

Ƙirga karnukan

Ba za ka san ka kai 70 cikin 100 ba in ba ka san 100 ɗin ba. A raba matasa biyu-biyu, kowace ƙungiya da littafi da biro da wakilin mai unguwa, su bi gida-gida. A rubuta sunan mai gida, karnuka nawa, maza nawa, mata nawa, 'yan kwikwiyo nawa, ko ana iya kama karen da hannu. In akwai kyanwa a rubuta ta, ita ma tana kamuwa tana kuma bayarwa.

Dabara ɗaya: a tambayi yaran gidan. Maigida zai ce kare ɗaya gare shi, ya manta da karyar da ta haihu a bayan rumbu da 'ya'yanta biyar, don a wurinsa ɗan kwikwiyo bai kai a ƙirga ba. Yaro ya san su da sunayensu. Kuma yawancin karnukan da ake cewa "na gari ne, ba su da mai su", in an bincika akwai gidan da suke kwana ko suke samun ƙanzo. A rubuta su a kan wannan gidan.

In lissafi ya ba da karnuka 200, mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne 140. Amma a nemi allurar 200 har da ɗan ƙari, saboda maƙwabtan ƙauyuka za su ji labari su kawo nasu, kuma bai kamata a kore su ba.

Allurar da sanyinta

A Nijeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da take Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin allurar rigakafin haukar kare, akwai kuma waɗanda ake shigowa da su daga waje. Ma'aikatun kula da dabbobi na jihohi da asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, sukan yi allurar kyauta a wajajen 28 ga Satumba. Ita ce ranar yaƙi da cutar ta duniya, ranar da Louis Pasteur ya rasu, mutumin Faransa da ya fara yi wa ɗan Adam allurar a 1885. In kuna son cin wannan gajiyar, a rubuta takardar roƙo da sa hannun dagaci tun watanni kafin ranar, a haɗa da lissafin karnukan. Jami'i ya fi saurin amsa wa wanda ya zo da adadi a rubuce. In ba a samu kyauta ba, karo-karo tsakanin masu karnuka da ƙungiyar ci gaban gari yana iya saye, amma a bar malamin dabbobi ya sayo. Kada a sayi kwalbar da aka baza a tebur ranar kasuwa.

Dalili shi ne zafi. Allurar tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ba a so ta daskare. Wadda ta wuni a rana ko ta kwana a jikin ƙanƙara tana iya lalacewa ba tare da kamanninta sun sauya ba, a yi wa kare, kowa ya saki jiki, alhali ruwa aka zuba masa. A ɗauko ta a kula mai murfi mai kyau, a sa kwali ko tsumma tsakanin kwalabe da ƙanƙarar, a ajiye kular a inuwa, a riƙa ciro kaɗan-kaɗan. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin kowace kwalba.

Wani abin sha'awa: a Tanzaniya masu bincike sun gwada wata allurar karnuka mai suna Nobivac, suka ga tana riƙe ƙarfinta har wata uku a zafin digiri 30, sai suka koma ajiye ta a ƙauyuka cikin tukunyar ƙasa da aka sa a cikin wata, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Irin dabarar nan ce Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa don ajiye kayan miya, har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogon Rolex a 2000. Amma gwajin na Tanzaniya kan irin allura guda aka yi shi, kuma zafin bazararmu yana wuce 40. Kada kowa ya ɗauka izini ne na sakaci da kula.

Sauran kaya: sirinji da allura sabuwa ga kowane kare, safar hannu, kwalin zuba alluran da aka yi amfani da su, igiyoyi, takunkumi ko tsumman ɗaure baki, fentin sa alama, katin shaida, littafin rajista, sabulu da jarkar ruwa. Masu yin allurar su ma ya kamata a ce an yi musu tasu rigakafin tun kafin ranar.

Zaɓen rana da shela

Damina ba lokacin wannan aiki ba ne. Mutane suna gona da karnukansu, hanyoyi sun yanke. Bayan an gama kaka, da shigowar hunturu, kafin farauta ta kankama kuma kafin makiyaya su yi nisa, shi ne daidai. A zaɓi ranar da ba makaranta, domin a zahiri yara maza ne masu karnuka, su suke ba su abinci, su kaɗai karen zai bi ba gardama. A kauce wa ranar kasuwa. A fara da sassafe, a gama kafin rana ta take.

Sankira ya zagaya sau biyu, kwana uku kafin ranar da kuma daren jajibiri. Abin da zai faɗa kada ya wuce abin da mutum zai riƙe: "Jama'a, Dagaci ya gaishe ku. Ran Asabar da safe a filin makaranta za a yi wa karnuka allura. Kowa ya kawo nasa, babba da ƙarami, a ɗaure da igiya. 'Yan kwikwiyo a sako su a kwando. Ba a kashe kare, ba a karɓar haraji." A ƙara da cewa a ɗaure karen tun da dare, don in gari ya waye ya fita yawo ba mai ganinsa sai yamma.

Ranar allura

A samu wuri mai inuwa da fili, ƙofar shiga daban, ta fita daban. Babbar matsalar ranar ita ce faɗan karnuka a layi, saboda haka a ba da tazara, a sa dattijo guda ya tsare layin, a kori 'yan kallo masu tsokana. Mutum huɗu sun isa tebur guda: mai rubutu, mai allura, mai sa alama da ba da kati, da mai taimakon riƙo.

Mai kare shi zai riƙe karensa. Ya tsuguna, ya rungumo wuyan da hannu ɗaya ta yadda kan yana kallon gaba, ɗaya hannun ya zagaye ƙirji ko ƙugu, yana yi masa magana. Mai allura ya zo ta baya ba hayaniya, ya ɗaga fatar wuya ko ya soka a naman cinya, gwargwadon yadda takardar allurar ta ce. Yawanci mililita 1 ce, ga babban kare da ƙarami duk ɗaya. Kafin karen ya ankara an gama. Wanda ya fiye faɗa a ɗaure masa baki da tsumma, ko a zura igiyarsa ta tsakanin reshen bishiya a ja kansa ya matse. In ya ƙi sam, kada a yi ta kokawa da shi a gaban sauran, a rubuta gidan a bi shi da yamma.

'Yan kwikwiyo fa? A asibiti an saba cewa sai sun kai wata uku. Amma a gangami irin wannan, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi wa duka har da ƙanana in allurar irin wadda aka kashe ƙwayar cutar cikinta ce, a kuma sake musu daga baya. Malamin dabbobi zai duba irin da ke hannunsa. Wannan yana da muhimmanci, don ɗan kwikwiyo shi yara suke ɗauka, shi yake lasar musu fuska. Kare mai tsananin rashin lafiya ko wanda halinsa ya sauya kwanan nan a ware shi a nuna wa malamin.

Duk wanda aka yi wa, a shafa masa fenti a goshi ko a baya, a ba mai shi kati mai kwanan wata. In da hali a haɗa da maganin tsutsa ko na kaska, yana jawo mutane sosai, don amfaninsa suna gani da ido cikin 'yan kwanaki.

Abu biyu a faɗa wa kowane mai kare kafin ya tafi. Allurar tana ɗaukar mako uku zuwa huɗu kafin ta kama jiki. Kuma ba ta warkar da karen da cutar ta riga ta shige shi. In ba a faɗi wannan ba, ranar da wani kare da aka ciza tun watan jiya ya haukace bayan allura, za a ce allurar ce ta haukata shi, kuma baɗi ba mai zuwa.

Da la'asar ko washegari ƙungiyar ta hau babura ta bi gidajen da ba su zo ba, da rugage da unguwannin bayan gari. Sannan a auna aikin: da sassafe, kafin fentin ya goge, mutum biyu su ratsa garin ta hanyoyi daban-daban suna ƙirga duk karen da suka gani, mai fenti da marar fenti. In cikin goma bakwai suna da fenti, madalla. In unguwa guda ta gaza, a koma mata ita kaɗai. Jimillar gari tana iya yin kyau alhali wata unguwa ba a taɓa ta ba, kuma nan cutar za ta zauna.

Abin da kowa a garin ya kamata ya sani

Mutane sun san mahaukacin kare mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar, itace, dutse, dabba, muryarsa ta dishe. Wanda ba a sani ba shi ne mai shiru. Wannan ba ya faɗa. Haɓarsa ta ƙasa takan saki, yawu yana dalala, ya kasa haɗiya, ƙafafun baya su mutu. Mai shi sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu a baki zai ciro. Haka saniya: ta yi ta kuka ba dalili, tana zubar da yawu, makiyayi ya ɗauka wani abu ta haɗiya ya sa hannu har maƙogwaro. In akwai ƙwarzane ko tsaga a hannun, cutar ta samu ƙofa. Jaki, akuya, tunkiya, raƙumi, duk suna kamuwa. Dabbar da ta nuna irin wannan ba a yi mata saurin yanka don a tsira da nama, mahauci da mai fiɗa su ne a bakin hatsari. Haka naman dajin da ya shigo gari da rana tsaka ba ya tsoron mutane, ba sa'a ba ce, a nisance shi.

A makaranta da islamiyya a koya wa yara: ba a jifan kare, ba a taɓa shi yana cin abinci ko barci, ba a kusantar karya mai shayarwa. In kare ya taso maka kada ka ruga, tsaya cak, hannu a jiki, kada ka zuba masa ido. In ya kayar da kai, dunƙule ka rufe fuska da wuya.

Amma darasin da ya fi wannan na iyaye ne. Yaro ya je inda aka hana shi, kare ya yage shi a ƙafa, ya san in ya faɗa bulala ce, sai ya rufe da wando ya yi shiru. Ciwon ya warke cikin mako guda. Cutar kuwa takan yi wata biyu zuwa uku tana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, wani lokaci mako guda kawai, wani lokaci har shekara. Ranar da ta fito ba mai tuna wani kare, sai a ce iska ce ko sammu. Don haka a faɗa a masallaci, a faɗa a gidan suna: yaron da ya zo ya ce kare ya cije shi ba a dukansa, ko da shi ya tsokano.

In an yi cizo

Wanki ne farko, kuma nan take. Sabulu kowane iri, ko na wanki ne, da ruwa mai yawa. Mutum ɗaya yana zubawa da buta, wani yana cuɗa kumfa a cikin ciwon, har minti 15. A duba agogon waya, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo, buta ɗaya ba za ta isa ba, kuma yaron zai yi kuka. A daure. Sabulu yana lalata ƙwayar cutar, kuma wannan wankin kaɗai yana rage hatsari sosai. In yawun ya shiga ido ko baki, a wanke da ruwa zalla. Bayan nan a shafa aidin in akwai. Kada a sa barkono, toka, ƙasa, man birki ko ƙonannen gashin karen, kada a ɗaure tam, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Addu'a da tofi ba su hana tafiya asibiti, a yi su a hanya.

Sannan asibiti, ranar, ba gobe ba. Nan ne ake yawan yin asara: a je kemis, a yi wa yaro allurar tetanos, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, a wanke ciwon a naɗe, iyaye su koma gida suna cewa an yi allura. Tetanos daban, haukar kare daban. A tambaya da baki: "Malam, wannan ta haukar kare ce?" In babu a nan, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti. Shi ya sa tun a shirin farko ya kamata malamin asibitin garin ya gano inda ake samun ta mafi kusa, ya ajiye lambar wayar wurin.

Allurar ba ɗaya ba ce. Ana yin ta ranar farko, sai kwana 3 da kwana 7 bayan ta farkon, a wani tsarin kuma a ƙara a kwana 14 da kwana 28 bayan ta farkon. A damtse ake yi, ko a cinya ga ƙaramin yaro, ba a ɗuwawu ba. A karɓi kati a cika duka, don wanda ya yi ɗaya ya daina bai gama tsira ba. In cizon ya huda fata ya yi jini, musamman a fuska, kai, wuya ko yatsu, akwai wata allurar ta daban mai ɗauke da sinadarin kariya da ake yi a cikin ciwon kansa. Tana da tsada da wuyar samu, a tambaya, amma rashinta kada ya hana fara ta farkon. Ba a gaggawar ɗinke irin wannan ciwo. Mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. Wanda aka ciza makonni da suka wuce bai yi komai ba, shi ma ya je, muddin alamu ba su fito ba lokaci bai ƙure ba.

In kuwa sun fito, a kai shi asibiti don a sauƙaƙa masa wahala, ɗaki marar hayaniya da haske. Ba a ɗaure shi a turu, ba a dukansa. Masu jinya su kiyayi yawunsa. Kuma a tashi neman duk wanda wannan karen ya ciza, don da wuya ya zama mutum ɗaya.

Shi kuma karen

In karen gida ne kuma lafiyarsa ƙalau, kada a kashe shi cikin fushi. A ɗaure shi inda yara ba sa zuwa, a ba shi ci da sha, a sa masa ido kwana 10. Karen da yake da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizo ba ya wuce wannan yana lafiya. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara wa mutum allura. A fara, in karen ya cika kwanakin garau likita ne zai ce ko a tsaya.

In alamun hauka sun bayyana ko ba a iya kama shi, kashe shi ya zama dole, amma kada a farfasa kan, don ƙwaƙwalwar ake gwadawa a Vom da wasu ɗakunan gwaji. Kada kowa ya taɓa gawar da hannu tsirara. A kira malamin dabbobi ya ɗauki abin da zai ɗauka, sauran a binne da zurfi. A sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232. Karnukan da ya ciza, mai kati a sake masa allura nan da nan a tsare shi, marar kati kuwa malamin dabbobi zai yanke hukunci, ko a kashe ko a killace na watanni. Abin da ba a yi shi ne sayar da shi ga fataken karnuka masu lodi zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a Filato. Wanda ya yi haka ya aika wa wani gari abin da ya guje wa.

Littafin rajista ya zauna a wurin mai unguwa ko malamin asibiti, kwafi guda a ofishin malamin dabbobi. Karen ƙauye ba ya daɗewa, wasu sun mutu, wasu an sayar, an haifi sababbi, cikin shekara guda kason da aka sha wahala aka kai ya zube. Saboda haka kafin a watse a tsayar da watan da za a sake baɗi, dagaci kuma ya kafa doka cewa duk wanda ya shigo da sabon kare garin ya kai sunansa wurin mai unguwa, a haɗa su a kira malamin dabbobi duk bayan wata uku ya yi musu tare da 'yan kwikwiyon da aka haifa a tsakani.